Ranar da Na Riƙe Rajistar Zaɓe

Kuɗi ne suka kai ni, gara in faɗa tun da wuri kada wani ya ɗauka kishin ƙasa ne ya tashe ni tsaye. A 2022 malaman jami'a sun tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba su janye ba sai tsakiyar Oktoba. Wata takwas muna zaune a gida mun zama 'yan aike, yau niƙa gobe cefane. Ana cikin haka, a watan Satumba, wani abokina ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikatan wucin gadi na zaɓen 2023, kuma ɗaliban manyan makarantun gwamnatin tarayya na cikin waɗanda ake nema. Ban tambaye shi mene ne aikin ba. Nawa ake biya na tambaya.

Cike fom ɗin bai ɗauke ni awa ɗaya ba. Na je shagon masu kwamfuta na bakin titinmu, na ba da hoto da lambar asusun banki da shaidar makaranta, aka buga mini takarda, na ninke ta na cusa a cikin littafi, na ma manta da ita.

Sai da sunaye suka fito sannan na gaya wa Baba. Ya rage muryar rediyonsa, ya dube ni ya ce, "Ka san abin da ya sami 'yan bautar ƙasa a Bauchi bayan zaɓen 2011?" Na ce na sani, Baba. Ya ce, "To, ba zan hana ka ba. Amma abu biyu: kada ka ci abincin ɗan siyasa, kuma kada ka yarda da lambar da ba ka ƙirga da bakinka ba." Umma kuwa ba ta ce uffan ba, sai ranar tafiya ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini tsoffin 'yan ɗari bibbiyu guda goma. Wanda bai ga wancan lokacin ba ba zai gane girman wannan kyauta ba. An canza fasalin naira, tsoffin ɗari biyar da dubu sun zama takarda, sababbin kuma sai dai ka ji labari. Mutane na kwana a layin banki, mai POS ya zama sarki. Tsohuwar ɗari biyu ce kaɗai Shugaba Buhari ya ce a ci gaba da karɓa a jawabinsa na 16 ga Fabrairu, don haka kowace ɗaya daraja gare ta.

A wata makarantar sakandare aka ba mu horo. Kowace rumfa mutum huɗu ne. Akwai shugaban rumfa, galibi ɗan bautar ƙasa, kofa kamar yadda muke ce musu. Shi ke buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a, ya sa hannu da kwanan wata ya miƙa wa mai zaɓe, kuma shi ke cike takardar sakamako. Sai mataimaka uku: na ɗaya na riƙe da na'urar tantance masu zaɓe da ake kira BVAS, na biyu na riƙe da rajista da tawada, na uku na kula da layi. Ni na biyun aka ba ni. Da farko har na ɗan ji haushi, don kowa na'urar yake so, ita ce abin yayi, ta yi ta zagawa hannu-hannu a ajin kamar sabuwar amarya. Abu biyu mai koyar da mu ya nanata har muka haddace. Idan na'ura ta ƙi yatsa a gwada fuska, idan ta ƙi fuskar ma to babu zaɓe, ko da mai unguwa ne ya zo ya rantse ya san mutumin tun yana goye. Na biyu kuma, dokar zaɓe ta 2022 ta ce muddin ƙuri'un da ke cikin akwati suka zarce yawan mutanen da na'ura ta tantance, sakamakon rumfar ya rushe. Na rubuta wannan a littafina na ja layi a ƙarƙashi, ban san zai dawo ya same ni ba.

Na waiwaya na dubi ajin nan. In ka cire mai koyarwa, ba na jin akwai wanda ya haura talatin da biyar. Rumfunan zaɓe a Najeriya sun haura 176,000, kowace da mutum huɗu. Ka yi lissafin da kanka.

Daren Juma'a 24 ga Fabrairu a wata firamare muka kwana, cibiyar da ake tara ma'aikata da kayan zaɓe na mazaɓa guda, can wajen birnin Kano. Kwana dai a baki. Tabarmi a tsakar aji, sauro na kiɗa, janareta na ruri a waje an jera na'urori ana caji, kowa kuma na neman ramin da zai soka cajar wayarsa. A nan na haɗu da shugabar rumfarmu, wata kofa 'yar kudu, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ba Hausa" ba. Tana jin ina Turanci da Hausa ta riƙe hannun rigata ta ce daga yanzu duk inda ta sa ƙafa nan zan sa. Haka na tashi da aiki biyu, ga rajista ga tafinta.

Kafin asuba aka fara rabon kaya. Akwati uku: mai jan murfi na shugaban ƙasa, mai baƙi na sanata, mai kore na ɗan majalisar wakilai. Sai takardun ƙuri'a da muka ƙirga a gaban juna, da hatimi, da tawada, da 'yar rumfar sirri da ake haɗawa, da rigunan aiki. Komai ya kammala, sai mota ta ƙi tashi, ko in ce direba ya ƙi tashi. Wai ba shi da mai, kuma mai sayar da man bumburutu ya ce ba ya karɓar tiransifa. Ƙarfe takwas da rabi ya kamata a fara zaɓe, mu kuwa tara ta gota kafin mu ga rufin ƙauyen. A cikin 'yan ɗari bibbiyun Umma guda uku suka tafi a galan ɗin mai.

Rumfar a ƙofar gidan mai unguwa take, ƙarƙashin wata babbar darbejiya. Mun tarar da layi biyu sun miƙe, na maza da na mata, kuma na matan ya ninka. Wasu da goyo, wasu sun taho da kujerun tsuguno. Mai unguwa ya fito ya yi mana barka da zuwa, ya sa aka kawo benci da tebur da tulun ruwa. Kofa ta ɗaga akwatunan ɗaya bayan ɗaya ta kifa su kowa ya ga babu komai a ciki, ta nuna fuskar na'ura tana kan sifili, ni kuma ina fassarawa da ƙarfi har muryata ta fara dushewa tun ba a fara ba. Aka ce tsofaffi da masu ciki da masu lalura su fara.

Yatsu sun ba mu aiki. Mata da yawa sun sha lalle, dattawa kuma fartanya ta cinye zanen yatsunsu, sai a goge a sake, a goge a sake, daga ƙarshe a koma fuska. Masu niƙabi kofa ke jan su gefe ta kare su da jikinta a ɗauka. In na'ura ta amince, mutum ya matso wurina, in nemo sunansa a rajista, in yi alama a akwatin da ke gefen hotonsa, in shafa masa tawada a gindin farce, ya wuce ya karɓi takardu uku.

Wata tsohuwa ba zan manta da ita ba. Ta karɓi takardunta ta shiga rumfar sirri, jim kaɗan ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, zo ka nuna mini mabuɗi." Takardar shugaban ƙasa doguwa ce, jam'iyyu 18, babu sunan ɗan takara babu hotonsa, alama ce kawai da haruffa: ga tsintsiya, ga lema, ga kayan marmari, ga sauran da ni kaina ban taɓa gani ba. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, doka ta hana ni zuwa wurin." Ta ce, "To kai mene ne amfaninka?" Layin mata ya fashe da dariya. Ta koma ta daɗe, ta fito ta jefa abinta. Da ta zo wucewa ta tsaya ta gaya mini cewa ita tun zaɓen 1979 take dangwala wa mabuɗi, jam'iyyar Malam Aminu, shekarar da Rimi ya zama gwamna, kuma ba yaron da zai canza mata. Na so in ce mata ai ta tona sirrin ƙuri'arta, sai na ga ba huruminta ba ne wannan damuwar. Rimin da take magana a kai bai cika arba'in ba lokacin da ya hau kujerar.

Wajen sha ɗaya layin ya fara sirancewa, a nan na sami sukunin kallon abin da ke kewaye da mu. Samari sun cika wurin, amma ba a layi suke ba. Wakilan jam'iyyu, ejan-ejan, duk sa'o'ina ne, kowa da katinsa a wuya. Can bayan wani kango akwai wasu da littafi suna rubuta sunaye da lambobin waya, tunda babu tsabar kuɗi sai alƙawarin tiransifa, kuma na ga mata na fitowa ta wajen da ƙunshin taliya da sabulu a ƙarƙashin hijabi. Wasu na kan babura suna ɗauko tsofaffi daga unguwannin nesa. Wasu kuma majiya ƙarfi sun jingina da bango ba sa cewa komai, idanu jajur, kowa ya san aikin da aka ajiye su dominsa in ta ɓaci. Ɗan sanda ɗaya ne tare da mu, shi ma ba bindiga.

Da azahar wani saurayi ya zo da leda cike da shinkafa da kaza da lemo mai sanyi, ya ajiye a kan teburinmu ya ce, "Malamai, in ji Onarabul, a sha ruwa." Wallahi ƙamshin nan har cikin ƙwaƙwalwata. Tun daren jiya ban sa komai a cikina ba sai biskit. Kofa ta dube ni, na dube ta, na tuna Baba da rediyonsa. Na ce masa mun gode, muna azumi. Ƙarya ce, Allah ya yafe mini, kuma ta ɗaure ni, don da aka aiko da fura daga cikin gidan mai unguwa sai da na zagaya bayan darbejiya na sha a ɓoye.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari yana cikin rajistar da na raina. Littafi ne mai hotuna, kowane mutum da sunansa da shekarar haihuwarsa da sana'arsa. Rumfarmu na da mutum sama da 700. Da rana ta take, babu kowa a gabana, sai na shiga buɗa shafukan ina duba inda na yi alama da inda ban yi ba. Waɗanda aka haifa a shekarun 1950 da 1960, alama kusan a jere. Matan aure, alama. Da ka iso kan fuskokin samari, 'yan 1997, 'yan 2000, 'yan 2003, sai ka ga akwatuna fayau, shafi bayan shafi. Ɗalibi, ɗalibi, manomi, tela, ɗalibi. Suna kallona daga cikin hoto, wasu har da murmushi, kamar ranar da suka yi rajistar suna da wani babban shiri.

Na tambayi wani ejan da muka ɗan saba, na ce ina waɗannan? Ya karɓi zancen kamar dama jira yake. Ya ce rabinsu suna ci-rani, wasu a Legas suna acaba da sayar da ruwa, wasu Abuja wurin gini, wasu Fatakwal. Mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da ya yi rajista, damar sauya rumfa kuma ta rufe tun ƙarshen Yulin 2022, lokacin suna gida ana noma. Wa zai bar nemansa ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, a watan da dubu ɗaya ma gagarar mutum take, don ya dangwala yatsa? Wasu kuma sun yi rajistar ba su je sun karɓi katin ba. Wasu katin na aljihunsu, don buɗe asusun banki suka yi shi. Ya nuna mini wasu da ke buga ƙwallo a kan titin da aka hana motoci bi, ya ce, "Waɗancan kuwa ka je ka tambaye su, cewa za su yi an riga an rubuta wanda zai ci." Shi kansa yana da digiri, shekara uku ba aiki. Na ce me aka yi maka alƙawari? Ya yi dariya ya ce, "Mu ai 'yan tura mota ne. In ta tashi ta bule mu da ƙura, in Allah ya sa direban na da kirki ya miƙo na shan ruwa ta taga."

Daga baya na ga alƙaluman ƙasa baki ɗaya, suka yi daidai da abin da littafina ya nuna mini. Mutum miliyan 93.4 ne suka yi rajista, miliyan 37 daga ciki 'yan shekara 18 zuwa 34, kusan kashi 40 cikin ɗari. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kuwa kusan kashi 27 ne cikin ɗari, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999.

Ƙarfe biyu da rabi mai kula da layi ya je ya tsaya a bayan mutum na ƙarshe. Da aka gama, kofa ta soke takardun da suka rage, aka zazzage akwatin farko a kan tabarma. Kafin ka ce kwabo garin ya dawo, har masu ƙwallon. Wanda bai zo jefa ƙuri'a ba ya zo ƙirga ta. Aka ware kowace jam'iyya da tulinta, aka ware waɗanda suka lalace, kuma a kan waɗannan aka fi tayar da jijiyar wuya: wani ya dangwala a tsakanin gida biyu, wata ta ninke takarda tawada ba ta bushe ba ta taɓa wani gidan. Kowane ejan na rantsuwa tasa ce. Sannan kofa ta riƙa ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a na amsawa da baki ɗaya, "Ɗaya! Biyu! Uku!" yara na tsalle kamar ana wasan gaɗa.

Da muka haɗa jimilla, sai ƙuri'u suka fi abin da na'ura ta nuna da guda ɗaya. Ɗaya tak.

Na ga hannun kofa na rawa. Ejan ɗin da jam'iyyarsa ke baya ya fara ɗaga murya a soke, a soke. Wanda ke gaba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, ɗaya ce fa. Ku rage ta daga cikin lalatattun mana, kowa ya huta." Majiya ƙarfin nan na jikin bango suka miƙe tsaye. Gaskiya shawarar ta shige ni, don ita ce hanya mafi sauƙi ta komawa gida da kai a wuya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, a sake ƙirgawa. Na faɗa da Turanci, na faɗa da Hausa. Mai unguwa ya ɗaga sandarsa ya ce, "Yaron nan ya faɗi gaskiya. Kowa ya koma da baya, a sake." Aka sake, a hankali, wannan karon ba tsalle, ana ɗaure goma-goma. Ashe a ƙirgen farko amshin jama'a ne ya riga hannun kofa, aka tsallake lamba ɗaya a cikin hayaniya. Lissafi ya daidaita cif. Sauran akwatuna biyun da fitilar waya muka ƙarasa su.

Kofa ta cike takardar sakamako, wadda ake kira EC8A, da lambobi da kuma kalmomi, ta karanta da ƙarfi na fassara, ejan-ejan suka sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa, ɗan sanda ma ya karɓa, aka manna na jama'a a bangon zaure, aka ɗauki hoton takardar da na'ura. Muka kama hanyar cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, babura sun fi ashirin a gaba da bayanmu. A kasa, a tsare, a raka, da ake faɗa a rediyo, ranar na gan shi da idona, kuma masu rakiyar duk samari ne.

A can muka yi zaman jiran layi har dare ya raba. Muna zaune a kan akwatunanmu ni da kofa da ejan ɗin nan mai digiri, hira ta kai mu kan dokar rage shekarun takara da Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, wadda ta mai da na shugaban ƙasa 35 daga 40, na majalisar wakilai da ta jiha 25 daga 30. Kofa ta ce ita shekararta 26, ke nan ta isa ta nemi majalisar wakilai. Ejan ya ce ta isa, saura kuɗin fom. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40, na majalisar wakilai kuma a APC miliyan 10 ne, duk da an yi wa matasa rangwame. A lokacin, alawus ɗin kofa a wata naira 33,000 ne. Muka buga a waya: ko rabin kuɗin aka ce ta kawo, sai ta tara alawus na sama da shekara 12 ba ta sayi ko ruwan leda ba. Ta yi dariya har da hawaye, gajiya ce ko mene ne oho. Manyan 'yan takara huɗu da muka wuni muna ƙirga wa ƙuri'a kuwa, ƙaraminsu Peter Obi na da 61, Kwankwaso 66, Tinubu 70, Atiku 76. A Kanon nan ne fa samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, cikinsu har da Maitama Sule yana ɗan shekara ashirin.

Na sake yin aikin ranar 18 ga Maris, a zaɓen gwamna da aka ɗaga daga 11 ga wata, amma wannan labari ne na wata rana.

Ranar Lahadi, washegarin zaɓen shugaban ƙasar, da hantsi na iso gida, na gaishe da Baba, ya tambaye ni abu biyun nan nasa na ce duka na kiyaye, ban dai ambaci azumin ƙarya ba. Na yi barci har la'asar. Da daddare na fita teburin mai shayi, na tarar majalisarmu ta kacame, kowa da waya a hannu ana musun wanda ya ci wace jiha, har ana neman zage-zage. Abin rajistar nan na cina, sai na ce kowa ya miƙo hannunsa in ga tawada. Mu tara ne a bencin. Uku ne ke da ita. Na buɗe baki zan fara wa'azi, sai ɗaya daga cikin marasa tawadar ya kama hannuna ya juya shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Tafina duk ya yi shuɗi-shuɗi da tawadar mutane, amma gindin farcena fes. Rumfar da na yi rajista tana nan bayan gidanmu, ni kuwa na wuni a wani ƙauye ina yi wa wasu alama.

Ya ce, "To Malam baturen zaɓe, kai wa ka zaɓa?"

Na ce wa mai shayi ya ƙara mini madara.